Hoto Shaida Ne, A Kula Da Yadda Ake Ɗaukarsa

  

Ya kai mai karatu, in akwai waya mai kyamara a gidanku, ka nemi izinin mai ita ka buɗe wurin hotuna ka ƙirga. A cikin hoto ɗari na farko, nawa ne fuskar mai wayar ce kawai, ya karkace kai yana kallon kansa? Nawa ne na sabon ɗinki? To, nawa ne kuma na unguwarku, ko ƙofar gari, ko tsohon nan mai ɗinkin hula a zaure, ko kukar da ke bayan makaranta? Na sha yi wa 'yan ajina wannan tambaya, kuma amsar kusan ɗaya ce kullum. Mun fi kakanninmu yawan hoto nesa ba kusa ba, amma garin da muke zaune a cikinsa yana ta sāke kama, ba mai ɗaukarsa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, hoto shaida ne. Ya kamata ɗan Islamiyya ya juya kyamarar nan ta kalli gari, kuma ya riƙe abin da ya ɗauka yadda ake riƙe shaida a gaban alƙali.

Na san wani dattijo zai karanta wannan ya ce, "Malam, kai da ya kamata ka hana yara hoto, kai ne kuma kake zuga su?" Tambaya ce mai kyau, ba kuwa zan kewaye ta ba. Hadisai ingantattu sun zo da gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Da kyamara ta bayyana, sai malamai suka saɓa a kan ko gargaɗin ya shafe ta. Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Misira kuma ya rasu a 1935, ya rubuta risala guda a kan mas'alar, inda ya tafi a kan cewa mai kyamara bai ƙagi sura da hannunsa ba, inuwar abin da Allah Ya halitta kawai ya tsare, kamar yadda madubi yake nuna fuska. Wasu manyan malamai kuma, irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz, suka ce a'a, hoton mai rai bai halatta ba sai da larura, kamar na fasfo. A mazhabarmu ta Malikiyya, tun kafin a san kyamara, abin da aka yanke da haramcinsa shi ne mutum-mutumin abu mai rai, cikakke, mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa kuwa hukuncinsa bai kai can ba. Ni ina tare da masu sauƙaƙawa. Amma duk yaron da mahaifinsa yake kan ra'ayin hani, to ya bi mahaifinsa, kada ya je gida ya ce "ai Malam ya ce". Ko shi ɗin ma bai rasa abin yi ba, domin dutse da kogi da bishiya da gini babu wata doguwar jayayya a kansu. Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, da wani mai sana'ar zane ya kawo masa kukansa, bishiya da abin da ba shi da rai ya nuna masa ya riƙa yi.

Kada kuma wani ya zaci ilimin nan baƙo ne a wurinmu. Alhasan ɗan Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajajen 1040, ya rubuta Kitabul Manazir a juzu'i bakwai, ya tabbatar da cewa haske ne yake shigowa cikin ido, kuma a miƙe yake tafiya. Da ɗaki mai duhu da 'yar kafa ya gwada. Kai ma za ka iya ranar Alhamis ko Juma'a da ba makaranta: ka rufe ɗaki ruf da tsakar rana, ka toshe taga da kwali, ka yi huda ɗaya wadda fensir zai shiga, ka jira idonka ya saba da duhun. Za ka ga tsakar gidanku ta bayyana a bangon da ke kallon tagar, amma a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Kyamarar wayarka wannan ɗakin ne aka ƙanƙance. (Masu cewa kalmar "kyamara" daga Larabci aka samo ta sun yi azarɓaɓi, daga Latin take, ma'anarta ɗaki. Aikin mutumin ya ishe shi, ba sai an ƙara masa da abin da ba haka yake ba.)

Akwai wani hoto da nake so ku sani. A 1838 wani Bafaranshe mai suna Dager ya kafa kyamara a taga ya ɗauki wani babban titi a birnin Paris. Kyamarar lokacin tana bukatar mintuna kafin sura ta kama, don haka duk keken doki da masu tafiya a ƙasa suka ɓace, titin ya fito fayau kamar ba kowa. Waɗanda suka saura a hoton su ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa. Attajirai da manya duk sun wuce ba alamarsu, mai shushaina ne ya shiga tarihi. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi in mun zo maganar hawan Sallah.

Yanzu mu dawo Kano. Ya kai ɗalibi, ka taɓa ganin dalar gyaɗa? Ba ka taɓa ba, ni ma malaminka ban taɓa ba. An ce dala guda takan ci buhu har 15,000, aka jera su a Kano tun zamanin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, har fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da komawar hankalin ƙasa kan man fetur suka kawo ƙarshensu. In da ba don hoto ba, da yau ka ce tatsuniya ce kakanka yake yi maka. Haka tsohon masallacin Juma'a na cikin birni mai hasumiyar ƙasa, wanda aka maye gurbinsa da na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a hoto kaɗai ya rage. Tun kafin kyamara ta iso, Bajamushen nan Dakta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dala a 1851 ya zana birnin, kuma zanen yana cikin littafinsa har yau.

Amma ka lura da wani abu. Kusan duk tsofaffin hotunan nan baƙi ne suka ɗauka: jami'an mulkin mallaka, da 'yan mishan, da 'yan kasuwa, da matafiya. Sun ɗauki abin da ya ba su mamaki, suka tafi da shi ƙasashensu. Sau da yawa za ka ga a ƙarƙashin hoto an rubuta abin da ke nufin "wani ɗan ƙasa a kasuwa", ba suna, ba unguwa, alhali mutumin nan yana da suna, wataƙila ma malami ne mai almajirai, wataƙila jikokinsa suna zaune a ajinmu yanzu. Ba na zarginsu, idonsu ne suka yi amfani da shi. Abin da nake tambaya shi ne, yanzu da kyamara ta shiga aljihun kowa, mene ne uzurinmu?

Domin gari bai tsaya ba. Ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ginawa, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, ka bi titin da ya tashi daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Kabuga ka duba abin da ya rage daga cikinta: ruwan sama ya ci wani wuri, masu gini sun ci wani, wasu ƙofofin an rushe su an sake gina su da siminti don faɗaɗa titi. Kududdufai an cike su an yi shaguna. Gidajen ƙasa masu zankwaye da dagi a goshin zaure, na tubali da azara da makuba, kowace damina sai an rasa wasu. Kai, ba sai mun je nesa ba ma. A 2013 aka hana goyo a acaɓa a Kano, A Daidaita Sahu ya cika titi. Yaron da aka haifa bayan haka bai san yadda mahaɗar titi take kasancewa in babura ɗari sun taru suna jiran hannu ba. A lokacin wa zai ce ɗan acaɓa abin ɗauka ne? Abin da ka raina yau saboda kullum kana ganinsa, shi ne jikanka zai nema ya rasa: mai shayi da asuba, 'yan ga-ruwa da kurarsu, mai yankan farce, masu bugu a gefen marinar Ƙofar Mata, rumfunan dukawa a Kasuwar Kurmi, allunanku jingine a bango, yara 'yan tashe a goman tsakiya na azumi, jama'a a kan Dala ranar Takutaha.

Sai maganar Sallah, wadda a nan ne kowa yake zama mai hoto. Lalle hawan Sallah abin ɗauka ne: daga dawowar Sarki daga filin Idi na Ƙofar Mata, zuwa Hawan Daushe washegari da la'asar, wanda ake rufewa da jahi a Ƙofar Kudu, sai Hawan Nasarawa, sai na Ɗorayi ko Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya da ake kiyayewa, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Amma shiga jerin ba ya nufin abu zai dawwama. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda suka hana shi saboda rikicin sarauta. Bikin Argungu ma, wanda aka soma a 1934, ya yi kimanin shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Ashe ko abin da muke ganin kamar dole ne duk shekara, yana iya tsayawa.

To in Allah Ya kai mu wani hawan, ga shawarata. Sarki da laimarsa da tagwayen masu, mutum dubu za su ɗauka, wasu da kyamarori masu dogon baki da suka fi wayarka sau ɗari. Kai ka tuna mai shushainan Paris. Ka je da safe kafin hawa, inda ake ɗaura sirdi, ana gyara lifidi da kwalkwali, ana naɗa wa yaro rawaninsa na farko hannun babansa yana rawa. Ka ɗauki zagi da ya yi tafiyar wuni a ƙasa, da mai algaita da kumatunsa suka kumbura, da badukun da ya kwana uku yana ɗinka kayan doki amma ba wanda zai ambaci sunansa. Ka juya ma ka ɗauki 'yan kallo a kan katanga. Kuma don Allah kada ka shiga gaban doki saboda hoto, musamman lokacin jahi. Doki bai san kana ɗauka ba.

A nan ne kuma maganar ladabi ta zama dole, kuma ita ce ta fi damuna a cikin duk wannan rubutu. Shaida yana da sharuɗɗa, ba kowane abu ne mutum yake leƙawa don ya ba da labari ba. Suratun Nur ta koya mana neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana mu leƙen asiri da izgili ga juna. Kyamara ba ta ɗauke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Taron jama'a daga nesa daban, amma in za ka kusanci mutum guda har fuskarsa ta cika hoton, to ka yi sallama ka ce, "Baba, in ɗauke ka?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, ka nuna masa abin da ka ɗauka. Tsofaffi da yawa za ka ga sun yi dariya, har su ba ka labarin sana'ar da ya fi hoton daraja. 'Yan mata masu yawon Sallah ba naka ba ne ka ɗauka a ɓoye ka watsa a WhatsApp ko TikTok. Ka tambayi kanka in ƙanwarka ce yaya za ka ji. Ke ma ɗaliba, hoton ƙawarki da ta cire mayafi a gidan biki amana ce a wayarki, ranar da ya fita ba mai iya dawo da shi, kuma mun ji inda irin wannan ya ɓata maganar aure. Almajiri mai barci a bakin shago, da mai taɓin hankali, da tsohuwa mai bara, talaucinsu bai mayar da su kayan kallo ba. Abin da ya fi muni shi ne haɗarin mota: mutum kwance cikin jini, mutum ashirin sun zagaye shi da waya, ba mai neman abin hawa a kai shi asibiti, har iyalinsa su fara ganin gawarsa a Facebook kafin a zo a yi musu gaisuwa. Subhanallahi! Wannan ba shaida ba ce, tonon asiri ne.

Sharaɗi na biyu kuwa ku ɗaliban hadisi kun riga kowa saninsa. Ruwaya ba isnadi ba a kafa hujja da ita. Hoton da ba a san wa ya ɗauka ba, a ina, yaushe, shi ma haka yake. Kullum ana turo mana hoton gobara ko ambaliya ko faɗa a ce jiya ne a gari kaza, alhali ya shekara biyar, ko ma daga wata ƙasa yake. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda take iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, har ka rantse gaske ne. Aya ta shida a Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu karɓi labari, to hoto ma labari ne. Saboda haka kai da ka ɗauka, ka rubuta wuri da rana, ta Hijira da ta Miladiyya, da sunan wanda ke ciki in ya yarda. Kada ka goge wani abu ko ka ƙara wani sannan ka ce haka wurin yake. Kuma ka sani waya ba ma'aji ba ce: ana sace ta, tana faɗawa ruwa, memori yana lalacewa. Iyayenku sun san zamanin fim mai hoto 36, a kira mai hoto ranar Sallah, a jira mako guda kafin ya wanko. Waɗannan hotunan suna nan a ƙasan akwati har yau, amma na wayar da aka saya shekara bakwai da suka wuce fa, ina suke? Duk shekara ku zaɓi goma mafi kyau ku kai a wanke, ku rubuta bayani a bayansu da ajami ko boko. Ya ku iyaye, kuɗin bai kai na ɗinkin Sallah ɗaya ba. Ku kuma zauna da yaran nan ku faɗa musu sunayen mutanen da ke cikin tsofaffin hotunanku tun kuna raye, su rubuta.

Game da daji da duwatsu da ruwa ba zan tsawaita ba, domin a nan ba mai jin kunya, ba mai cewa kada ka ɗauke ni. Suratul Gashiya ta kira mu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, mai kyamara kuwa dole ya tsaya ya duba kafin ya danna. Wanda Allah Ya hore wa tafiya, akwai madatsar ruwa ta Tiga, da duwatsun Rano, da fadamar Baturiya wajen Haɗeja inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai da hunturu, da ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Amma a tafi da babba, a tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, kada a matsa bakin ruwa mai zurfi, kuma kada a ɗaga waya kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro. Wanda bai samu tafiya ba, bayan gari ma ya isa. Ka nemi gawo ka ɗauke shi sau biyu, da damina lokacin da ya zubar da ganye sauran itatuwa suna kore, da rani lokacin da yake kore shar.

Asirin hoton waje haske ne, ba tsadar waya ba. Rana tsaka tana baƙanta fuska ta wanke launi, ka bari sai da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da ginin ƙasa yake yin ja kamar garwashi. Ka sa rana a bayanka ko a gefenka. Bayan an ɗauke ruwa sama takan wanke tas, a ranar ce za ka hau Dala ko Goron Dutse ka ga ƙarshen gari. Hazon hunturu ma yana da nasa kyau, har kana iya ɗaukar rana ta fito fara kamar faifai. Ka goge idon kyamara da gefen riga, ka riƙe da hannu biyu, in abu ya yi nisa ka matsa da ƙafarka maimakon ka jawo shi da yatsa, domin jawowar tana dusashe hoto.

Irin wannan hoton ma shaida ne babba. Tafkin Chadi a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, kafin daga baya ya ɗan farfaɗo. Abin da ya sa duniya ta gaskata shi ne hotunan tauraron ɗan'adam da aka ɗauka a wuri ɗaya shekara bayan shekara, aka jera su. To ga aikin da nake ba kowane aji, da izinin shugaban makaranta. Ku zaɓi wuri ɗaya, ko ƙofar makarantar nan, ko wani yanki na ganuwa, ko rimin bakin hanya, ko kududdufin unguwa. Ku sa alama a inda mai ɗauka zai tsaya. Duk ranar ɗaya ga Muharram da hantsi, ku ɗauki hoto guda daga nan, a wanke, a rubuta bayani a bayansa, a kawo ofis a ajiye a fayil. In kun sauke karatu ku miƙa wa ajin da ke bayanku su ci gaba. Wanda ya riga ya ɗauki wani abu na gari ko na Sallar da ta wuce, ya kawo mini bayan sallar la'asar tare da bayaninsa, za mu zaɓi uku mu sa a fitowa ta gaba in sha Allahu.